Sakan Biyar a Rumfar Mai Faci

Abin ya faru ne ranar Asabar ɗin da ta wuce, kuma da wani mutum ya faru wanda ba zan faɗi sunansa ba. Iyakar abin da zan ce, hularmu ɗaya, katifarmu ɗaya, kuma tun daga ranar ba wanda ya yi barcin kirki a cikinmu. Bari mu riƙa ce masa Mutumin.

Mutumin ɗan ajin 1994 ne a wata makarantar kwana ta gwamnati. Ba Barewa ba ce, gara a faɗa tun da wuri. Tsofaffin ɗaliban Barewa, makarantar da aka kafa a Katsina a 1921, in suka zauna lissafin nasu sai su fara da Tafawa Ɓalewa da Sardauna, su bi da Gowon da Murtala da Shagari da 'Yar'aduwa. 'Yan ajin Mutumin kuwa in suka tashi nasu lissafin, da wani jami'in kwastan ake buɗewa, a bi da likita guda da ke Ingila, sai tsohon kansila, sai malaman makaranta wajen 30, sai tarin waɗanda in an tambayi aikinsu ake cewa suna ɗan buga-buga.

Sun watse ne a damunar da Rashidi Yekini ya rungumi raga yana ihu bayan ya ci Bulgeriya a Amurka. Kowa ya rubuta wa kowa adireshi a bayan littafi, yawanci akwatin gidan waya na ma'aikatar da ubansa ke aiki, kuma ba wanda ya rubuta wa wani ko layi ɗaya. Wayar salula ta shigo a 2001, lokacin da kuɗin layi kaɗai ya fi albashin ƙaramin ma'aikaci na wata. Daga baya Facebook ya zo ya nuna musu juna da tumbi da sanƙo. A 2017 wani mai ƙoƙari ya buɗe musu zaure a WhatsApp, aka yi ta zubo mutane har suka kai 143.

Duk wanda ke cikin irin wannan zauren ya san yadda yake. Da asuba gaisuwa, ranar Juma'a hotunan furanni da masallaci, lokacin zaɓe kuma faɗa, duk da dokar "ban da siyasa" da ke rubuce a sama. A zaɓen 2023 mutum bakwai suka yi fushi suka fita, aka bi su da ban-baki aka maido su, biyu suka sake fita. Amma a bakin gaskiya zauren yana da amfani. Ya biya kuɗin aikin ƙodar wani, yana riƙe da karatun marayun wasu biyu, kuma shi kaɗai ne wuri a duniya da mutum mai jikoki uku har yanzu ake ce masa Ƙwaro ya amsa.

Matsalar ta taso ne daga bikin cika shekara 30. Ciyaman, wanda ɗan kwangila ne, ya yanke wa kowa naira 50,000, ban da kuɗin shaddar anko, a shekarar da litar fetur ta haura naira 1,000, mafi ƙarancin albashi kuma 70,000 ne. Ya kuma ba da umarnin kowa ya cire hotonsa ya sa tambarin bikin. A riƙe wannan, zai dawo.

Ciyaman ba ya rubutu, murya yake turowa, minti tara, minti goma sha ɗaya. Tun da WhatsApp ya kawo maɓallin ninka saurin murya a 2021, ba ɗan ajin da ya ƙara jin sa yadda Allah ya halicce shi. Kowa da sauri biyu yake saurarensa, yana ƙiriri-ƙiriri kamar mai tallan maganin ɓera.

To, ranar Asabar, wajen ƙarfe huɗu, tayar Mutumin ta baya ta sace a Titin Zariya, kusa da Na'ibawa. Ya gangara rumfar wani mai faci, ya zauna a benci a gindin darbejiya, kusa da wani dattijo mai farin gemu da ke ɓare goro, rediyo a cinyarsa. Ya buɗe waya. Ma'aji ya fitar da jerin waɗanda ba su biya ba, ga sunansa nan a lamba 31. Ransa ya ɓaci. Ya ce bari ya sauke wa Dogo abin da ke cikinsa, Dogo da suka yi shekara shida gadonsu sama da ƙasa. Dogo mutum ne mai biyayya, ya cire hotonsa ya sa tambarin bikin. Zauren ma tambarin ne a kansa. Suna jere, ɗaya a kan ɗaya.

Ya danna, ya riƙe, ya yi magana minti biyu da sakan 47.

Ya fara da Ciyaman. Ya kwaikwayi muryarsa, mai saurin da marar saurin, kuma ya iya, don har dattijon ya ɗago ya dube shi. Ya ce mutumin da har aka gama aji biyu ba a taɓa ganin katifarsa a ɗaki da rana ba, kullum tana shanya a bayan hostal, yau shi ke yanke wa mutane haraji. Daga nan ya gangara kan Ma'aji. Ya ce ya gaya masa surukarsa ce ba lafiya shi ya sa bai biya ba, alhali Hajiya garau take, jiya ma da idonsa ya ga ta tashi da kaza guda ita kaɗai.

Da a nan ya tsaya, da abin ya zo da sauƙi. Amma daɗin hira ya ɗebe shi. Ya rage murya ya ce, Dogo, bari in gaya maka abin da ban taɓa gaya wa kowa ba. Ka tuna babban gwangwanin Nido da aka kawo wa Ciyaman ranar ziyara a 1991, wanda aka fasa akwati aka ɗauke? Wanda aka kama Liman da garin madara a hannun riga, aka yi masa bulala 12 a gaban asambili? Wallahi ni ne, ni wane ɗan wane. A bayan dainin na shanye shi cikin kwana uku, da gari da ƙuli. Shi Liman cokali ɗaya na san masa.

Liman a lokacin laƙabi ne kawai, don shi ke jan su salla a hostal. Yanzu limamin Juma'a ne na gaske, yana da almajirai da mota mai lasifika. Kuma yana cikin 143 ɗin.

Mutumin ya saki yatsa. Alama ɗaya ta fito, ta zama biyu. Har ya yi murmushi, ya ɗora wayar a cinya, ya tambayi dattijon ko goron ɗan Shagamu ne. Sai idonsa ya faɗa kan saman allon, inda ya kamata a ce sunan Dogo ne. Abin da ke wurin shi ne: AJIN 94 ZUMUNCI HAR ABADA.

Wajibi ne a yi wa masu WhatsApp adalci a nan, domin sun yi wa ɗan Adam duk uzurin da ake iya yi masa. A 2017 suka kawo damar goge saƙo daga wayar kowa, da wa'adin minti bakwai. Suka ga bai isa ba, suka mayar da shi awa ɗaya da 'yan mintoci. A 2022 suka kai shi sama da kwana biyu. Wato Mutumin yana da lokacin da zai gama faci, ya je gida, ya yi wanka, ya kwana biyu, sannan ya goge. Ba abin da ke korarsa sai zuciyarsa, wadda a lokacin ta hau maƙogwaro tana dukan uku-uku.

Ya danna saƙon ya riƙe, ya taɓa kwandon shara. Zaɓi ya fito, ɗaya a saman ɗaya: a goge wa kowa, ko a goge masa shi kaɗai. Tsakaninsu bai kai faɗin ƙwayar gyaɗa ba. Babban yatsan Mutumin kuwa ya yi faɗin ɓarin goro, ga gumi.

Na ƙasan ya taɓa.

Ko wannan ma an yi tanadinsa. Tun ƙarshen 2022, in mutum ya yi irin wannan kuskuren, wani ɗan layi yakan fito a ƙasan allo ya ba shi sakan biyar ya janye. Sakan biyar. Tun Asabar Mutumin ya koma cikin sakan biyar ɗin nan ya fi sau ɗari, a kan sallaya, a banɗaki, a layin mai, kuma ga yadda aka kashe su ɗaya bayan ɗaya.

A na farko, saƙon ya ɓace daga gabansa, ya ce alhamdulillahi da ƙarfi, har da shafa fuska.

A na biyu, ya ga ɗan layin ya fito, ya fara karanta shi a tsanake kamar mai duba takardar gado, ya fahimci abin da yake nufi, wani sanyi ya taso masa daga tafin ƙafa.

A na uku, mai faci ya ɗago daga bahon ruwan da ya tsoma tayar ya ce, "Alhaji, ƙusa biyu ce fa, ba ɗaya ba. A yi duka? Dubu biyu ne."

A na huɗu, kuma a nan ne abin yake, Mutumin ya ɗaga kai. Mutum mai digiri biyu, mai 'ya'ya biyar, wanda mutuncinsa na shekara 33 ke rataye a ƙasan allo yana ƙidaya, ya ɗaga kai ya dubi mai faci ya ce, "Haba, dubu biyu? Ba ka yi ɗaya da rabi ba?" Ba wanda ya tilasta masa. Ba tunani ya yi ba. Bakinsa ne kawai ya yi abin da ya saba yi a Kasuwar Sabon Gari da Kantin Kwari tun yana saurayi: an faɗi kuɗi, a nemi ragi. Ko a kan gadon asibiti aka gaya masa kuɗin likkafaninsa, na tabbata sai ya buɗe ido ya taya.

A na biyar, ya sunkuyo, yatsa a sama, ya ga ɗan layin yana zamewa ƙasa a hankali, kamar motar ƙarshe ta bar tasha.

Mai faci ya ce, "To, kawo ɗaya da rabin."

Wato na samu, ya samu, ragin naira 500.

Abin da ya fi ciwo shi ne tsabtar allon. Wanda ya goge wa kowa, akan bar masa ɗan tabo mai cewa an goge wannan saƙon, mutane su yi ta tambayar me aka ce. Nasa ko tabo babu. Daga jerin Ma'aji sai fili fetal, kamar ba a taɓa yin komai ba. A cikin mutum 143, shi kaɗai ne ba shi da saƙon. Ba ya iya sake jin sa, ba ya iya ganin wa ya saurara, ba ya iya goge abin da ba ya gani. Sai ga alamar nan ta fito: mutum uku suna rubutu. Suka zama biyar.

Dogo ne ya fara, ta bayan fage. Kalma huɗu: "Mutumina, kana da fasfo?"

A zauren kuwa, wani da rabonsa da tari a ciki tun 2019 ya rubuta, "Innalillahi." Likitan Ingila ya jero fuskoki masu hawayen dariya har layi uku. Ƙwaro ya turo sitikar wani yaro ya ɗora hannu a ka. Ma'aji, mutum mai ladabi, ya rubuta, "Allah ya ƙara wa Hajiya lafiya. A ci kaza lafiya."

A nan ne dattijon ya kashe rediyonsa.

"Yaro, lafiya? Na ga ka yi fari kamar an tsoma ka a toka."

"Baba, magana na aika inda bai kamata ba."

Mutumin ya saki jiki yana jiran a ce masa magana zarar bunu ce. Baba bai ce ba. Baba ba mai karin magana ba ne, mutum ne mai neman mafita. Ya gyara zama, ya tofar da tukar goro, ya ce, "Kashe ta. Maza kashe wayar kafin ta ƙarasa."

"Ai ta riga ta je, Baba."

"Ina da ina mutanen suke?"

"Wasu nan Kano, wasu Kaduna, wasu Abuja da Legas. Akwai ɗaya a Ingila."

"To, na Kano dai sai haƙuri. Na Kaduna ma wataƙila ta kai Kwanar Ɗangora. Amma na Legas da na Ingila, in ka yi sauri za ka tare ta."

Aka nuna masa fuskokin dariyar likitan Ingila. Ya kawo wayar kusa da ido, ya nisanta ta, ya daɗe yana dubawa. Ya ce, "Wannan ai kuka yake yi." Aka ce dariya ce. Ya ce to Allah ya kyauta, zaman Turai ya taɓa shi.

Bai karaya ba. Ya ce a cire layin, a hura shi, a goga a jikin hula, a mayar. Ya ce haka jikansa yake yi in wayar ta ƙi jin magana. Mutumin, da ya kamata a ce ya san abin da ya fi haka, ya samu kansa yana laluben allura a aljihu. Da ba a samu allura ba, Baba ya koma kan shinkafa. A tura wayar cikin buhu ta kwana, shinkafa tana zuƙe duk abin da ya shiga waya.

"Baba, wannan ai na wadda ta faɗa ruwa ne."

"Kai kuma ina ka faɗa?"

Ba a samu amsar wannan ba.

Yaron mai faci, wani ɗan shekara 15 mai riƙe da sifana, ya matso ya ce, "Oga, ka ce kutse aka yi maka. Ko ka ce kwamfuta ce ta haɗa muryar, yanzu haka manya suke cewa." Shawara ce ta zamani, kuma Mutumin ya ɗan ji sanyi, har ya fara rubutawa. Sai ya tuna ya rantse da sunansa da na mahaifinsa, ga ƙarar injin iska a baya, ga kuma wurin da ya katse labarin bulala ya amsa sallamar wani mai rake. Baba ma bai yarda da shawarar ba. Ya ce ƙarya ba ta da kyau, musamman irin wadda ba a saba da ita ba. Gara ta gargajiya.

"Ka ce ƙaninka ne ya ɗauki wayar. Kana da ƙane?"

"Duk mata ne, Baba."

"To ka ce babbar ce, mura take yi."

Daga nan ya kawo wadda har yau Mutumin yake ganin ita ce sarauniyar shawarwarin. Ya ce shi ya yi sana'ar kaset shekara 20 a bakin tasha, ba wanda zai gaya masa yadda murya take zama a cikin na'ura. In ka ɗauki wa'azi a kan waƙa, waƙar ta tafi ke nan har abada. Saboda haka a danna wurin nan dai da aka danna, a yi wata maganar a kai, amma lallai ta fi ta farkon tsawo, don kada wutsiyar ta leƙo. Minti biyu da sakan 47 ne? To a yi minti uku. In Mutumin ba shi da abin faɗa, shi Baba zai karɓa ya yi musu nasiha a kan zumunci.

Ya ma miƙo hannu. Kuma Allah shi ne shaida, an kusa ba shi.

Da aka yi masa bayanin cewa ba a ɗaukar murya a kan murya, sai ya girgiza kai, ya ce lallai an ci baya. Ya ɓare wani goron. Sannan ya ce to a kunna masa maganar ya ji da kunnensa, don ɗazu rabi ya tsinta, rediyo ta hana shi. Aka ce ai babu ita a wayar. Ya ce, "Kai da ka yi maganar ba ka da ita, mutanen da ka zaga suna da ita?" Aka ce haka ne. Ya yi shiru, ya dubi titi, ya ce shi a tsawon rayuwarsa bai taɓa ganin wanda ya yi sata ya bar kayan a gidan mai su, ya gudo da igiyar kaɗai ba.

Dole Mutumin ya ba shi labarin da baki. Baba ya saurara kamar alƙali. Batun katifa bai dame shi ba, ya ce kowa ya yi. Batun suruka ya ce wannan tsakaninka da Allah da matarka. A kan madara ya tsaya.

"Ta gari ce ko ta ruwa?"

"Ta gari."

"Babban gwangwani?"

"Babba."

"Kai kaɗai, kwana uku? Cikinka bai ɓaci ba?"

"Ya ɓaci, Baba."

"To ka ga an fara biya tun a nan. Shi malamin bulala nawa ya sha?"

"Goma sha biyu."

"Abu mai sauƙi. Ka sayi dorina mai kyau, ka je masallacinsa bayan an sallame Juma'a, ka kwanta a gaban jama'a ya rama. Amma ka sa wando biyu."

Ana cikin haka Dogo ya kira, yana magana yana shaƙewa. Ya ce akwai hanya ɗaya. Tun 2022 an ba masu riƙe da zaure ikon goge saƙon kowa daga wayar kowa. Mutumin ya miƙe tsaye, ya ce wa ke riƙe da namu? Dogo ya yi shiru irin na mai jin daɗi. Da, su uku ne. Bayan rikicin zaɓe Ciyaman ya sauke biyun, ya bar kansa.

Sai da wayar ta yi ƙara sau shida kafin a ɗauka. Rabon Mutumin da jin muryar Ciyaman a saurinta na asali shekara uku ke nan, ya ma manta haka take da kauri, da nauyi, kowace kalma tana tafe da rakiyarta.

"Ranka ya daɗe, Ciyaman, barka da yamma. Ya iyali?"

"Lafiya ƙalau. Ya jikin Hajiya?"

"Da... da sauƙi, ranka ya daɗe. Wato dama, wani ɗan kuskure ne aka samu, na ce ko za a taimaka a cire."

"Wanne ke nan? Na katifa, ko na madara?"

"Ai duk a haɗe suke, ranka ya daɗe."

"Haka ne. Na ji sau huɗu. Ka iya muryar tawa, ba laifi. Bari in ga abin da zan iya yi."

Mutumin ya yi godiya har da rusunawa, a bakin titi, ga wanda ba ya ganinsa. Ya gaya wa Baba an dace. Baba ya ce ai dama ya faɗa, komai na waya sai da dabara. Minti ɗaya bayan nan wani ɗan rubutu ya fito a tsakiyar zauren, mai sanar da cewa Ciyaman ya maƙale wani saƙo a sama.

Wannan ma sabon abu ne, na ƙarshen 2023. In za a maƙale saƙo a saman zaure, yadda duk wanda ya shigo da shi zai fara cin karo, akan zaɓi awa 24, ko kwana bakwai, ko kwana 30. Dogo ya tabbatar da cewa Ciyaman bai yi rowa ba. Bikin kuma saura kwana 26.

Liman bai ce uffan ba sai bayan isha'i. Layi ɗaya ya rubuto: "Bulalar na yafe tun 1991, amma cokalin bai cika ba." Kafin sha ɗaya na dare tsohon kansila ya buɗe ƙuri'a a zauren, ko a karɓi gwangwani 12 daga hannun mai laifi, ko a yi masa 12 ɗin a filin asambili ranar biki, cikin anko. Ban san ta yadda shawarar Baba ta bi ta isa can ba. Zuwa safiya ta biyun tana gaba da ƙuri'a 88, kuma an ga sunan Dogo a ciki.

Mutumin ya biya 50,000 ɗin a daren, har da kuɗin shadda, bai nemi ragi ba.

Saƙon kansa bai dawo hannunsa ba sai ranar Litinin, yana karyawa. Uwargida ta zo ta ajiye wayarta kusa da kofin shayinsa, ba ta ce komai ba, ta koma ta jingina da ƙofar kicin ta harɗe hannu. Ga shi nan, minti biyu da sakan 47, da 'yan kibau biyu a samansa, alamar da WhatsApp ke yi wa saƙon da ya bi hannu biyar ko fiye kafin ya iso. Daga wayar Hajiya ya fito. A ƙarƙashinsa akwai wani saƙon muryar, nata, na sakan huɗu. Uwargida ta miƙo yatsa ta danna.

"Ki gaya wa maigidan naki, rabinta na ci."